Hoto Ya Fito, Murya Babu: Nazarin Naɗar Kiran Bidiyo Tsakanin Kano da Kumasi

Gidan da wannan nazari ya shafa yana cikin birnin Kano. Zuriyar fataken goro ne, kuma rabin danginsu na Kumasi ta ƙasar Ghana. Sun yarda a ba da labarinsu bisa sharaɗin a sakaya su, don haka zan kira mutanen da matsayinsu kawai. Buƙatarsu ba ta da girma a ido: su naɗi kiran bidiyo da wata dattijuwarsu, hoto da murya tare, a wayar hannu. Sai da aka yi asarar hira mai tsada, aka kashe kuɗi a banza, aka kuma kusa taɓa zumunci, kafin a samu abin da ake nema. Ni aka kawo wa wayar in duba, shi ya sa na san lamarin ciki da bai, kuma na ga ya cancanci a rubuta shi filla-filla, domin kusan duk wanda ya gwada wannan abu a nan yake tuntuɓe.

Yadda dangi suka rabu biyu

Kakannin gidan na cikin masu bin ayari zuwa Gwanja, su kai kanwa da rinannun tufafi da fatu, su dawo da goro. Salaga ce babbar kasuwar a wancan zamani. Da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta, fatake suka watsu, wasu suka gangara kudu, daga baya zangon Kumasi ya cika da Hausawa. A nan kakan gidan ya kafa iyali, yana kai da kawo tsakaninsa da Kano.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kafa dokar cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fice daga Ghana cikin mako biyu. Babban ɗan gidan ya kwaso matansa da 'ya'yansa ya dawo Kano. Ƙanwarsa, wadda ke aure a can, ta zauna. Ita ce dattijuwar da ake magana. Yanzu ta haura tamanin, wanta ya daɗe da rasuwa, kuma ita kaɗai ta rage da ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace hanya aka bi aka dawo, da kuɗin wa aka sayi gidan da suke ciki a Kano. 'Ya'yan wanta Gwaggo suke ce mata, jikoki ma suka gaji sunan daga bakin iyayensu.

Da ta yi wata jinya ta tashi, sai hankalin maigidan na Kano, wato ɗan wanta, ya tashi. Ya kira ɗansa, ɗalibi ne a jami'a, ya ce masa idan an kira Gwaggo ranar Juma'a ya ja ta da hirar da, kuma ya ɗauke komai a waya.

Gwajin farko

Yaron ya yi abin da kowa zai yi. Ya kira ta WhatsApp da bidiyo bayan la'asar, ya janyo saman allon wayarsa, ya danna maɓallin naɗar allo, ya zaɓi a haɗa da sautin waya da na makirufo, ya ga alamar naɗi ta fito tana ƙirga lokaci. Bai gaya mata ana ɗauka ba. Ba da mugun nufi ba ne, tunaninsa shi ne idan ta sani za ta kame, ta koma gaisuwa da addu'a kawai.

Ranar kuwa bakinta ya buɗe. Ta fara da tsokanar da ke tsakanin kaka da jika, tana ce masa, “Maigida, ka yi mini kishiya ne shi ya sa ba ka nemana?” Daga nan ta shiga labarin mahaifinta, da sunayen garuruwan da ayari ke yada zango, da daren da aka yi ta ɗaure kaya a 1969, mata na sayar da tukwane da gadaje a wulaƙance don babu mai iya ɗauka. Ta rera wata waƙar daka ta mahaifiyarta. Hirar ta wuce sa'a guda.

Da ya buɗe bidiyon don ya kunna wa mahaifinsa, ga Gwaggo tar a allo, bakinta na motsi, hannunta na nuni, tana dariya tana share ido da gefen zane. Ko tari ba a ji. Fayil ɗin ya cinye wuri mai yawa a wayar, amma babu kalma ɗaya a cikinsa.

Abin da suka fara tambayata shi ne ko za a iya dawo da muryar. Ba za a iya ba. Ba ɓoyewa ta yi a wani lungu na fayil ɗin ba, tun farko ba ta shiga ba.

Dalilin shirun

Wannan ne gurbin da ya fi buƙatar a tsaya, saboda mutane da yawa sun ɗauka wayarsu ce ta lalace, ko sun danna wani abu ba daidai ba. Wayar yaron lafiyarta ƙalau. Abin da aka tsara ta ta yi, shi ta yi.

A kiran bidiyo muryoyi biyu ne, kowace da hanyarta. Muryarka tana shiga ta makirufo. Muryar wanda kake magana da shi tana zuwa ta intanet, wayar ta fitar da ita ta lasifika. Mai naɗar allo yana buƙatar ya kama duka biyun, kuma a duka biyun akwai shinge.

Ɗauki makirufo tukuna. Tun daga Android 10, wato zubi na goma na tsarin da ke tafiyar da irin wayar yaron, wanda ya fito a 2019, akwai ƙa'ida a rubuce game da wanda zai samu sauti idan manhajoji biyu suka nemi makirufo a lokaci ɗaya. Idan ana cikin kira, na layi ne ko na intanet, kiran ne ke da gaba. Kamar guga ɗaya ne a bakin rijiya, yana hannun mai kira har ya gama. Manhajar da ta zo daga baya ba a korarta, ba a kuma ce mata ta tsaya ba. Ana barinta ta ci gaba da naɗa, sai dai abin da ake miƙa mata shiru ne zalla. Shi ya sa agogon naɗi ke ta tafiya kamar komai daidai.

Sai muryar da ke fitowa. A cikin Android kowane sauti yana da lamba da ke nuna irinsa: wannan kiɗa ne ko fim, wannan wasa ne, wannan ƙararrawa ce, wannan maganar mutum da mutum ce. Hanyar da Android 10 ya buɗe wa manhajoji don kama sautin cikin waya ta yarda da na kiɗa da fim, da na wasa, da wanda ba a sa wa lamba ba. Ba ta yarda da na maganar kira ba. Wannan ne ya sa idan ka naɗi allo kana kallon wa'azi a YouTube sauti ke fita raɗau, amma da kira ya shigo sai ɗif.

Akwai abu na uku da ke ruɗa mutane, domin ba duk wayoyi ne ke ba da shiru gaba ɗaya ba. Kamfanonin da ke ƙera waya suna yi wa Android kwaskwarima, don haka a wata wayar za ka ji muryarka kai kaɗai, ta ɗaya ɓangaren kuwa babu, ko tana can ƙasa-ƙasa kamar daga bayan gari. Dalili shi ne lokacin kira waya tana aikin kashe amsa-kuwwa. Duk abin da lasifika ta fitar, ana cire shi daga abin da makirufo ya ɗauko, don kada wanda ke can ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa. Aikin da ke gyara kira shi ne ke goge muryar da kake son adanawa. Idan kuma da iyafis a kunnenka, to muryar ba ta ma fito fili ba balle a kama ta.

Wata 'yar gidan mai iPhone ta ce a bar mata. Ita ma shiru ta samu. iPhone na da naɗar allo tun 2017, amma shi ma yana hana ta sautin kira. A watan Oktoba na 2024 Apple ya ƙara maɓallin naɗar kira, sai dai na kiran murya ne, yana sanar da kowa da babbar murya cewa an fara ɗauka, ba ya aiki a kowace ƙasa, kuma bai shafi kiran bidiyo na WhatsApp ba. Shi kansa WhatsApp, tun da ya kawo kiran bidiyo a 2016, bai sa maɓallin naɗa ba.

Ra'ayina a kan wannan tsari kashi biyu ne. Na yarda da manufar. Idan kowace manhaja da mutum ya sauke za ta iya sauraren kiransa a ɓoye, babu matar aure, babu ɗan kasuwa, babu ɗan jarida da zai sake magana a waya hankali kwance. Amma akwai abu biyu da ba su kwanta mini ba. Na farko, waya ta san sarai cewa shiru take naɗa, me zai hana ta faɗa? Layi ɗaya a allo, cewa sautin wannan kira ba zai shiga ba, da ya ceci hirar Gwaggo. Na biyu ya fi damuna. Tsarin ya kare muryarta, bai kare surarta ba. A wannan bidiyo tana zaune a ɗakinta, ba mayafi, ɗankwali ya zame, yadda tsohuwa ke sakewa da jikanta. Duk wannan ya shiga waya ba da saninta ba. A wurinmu kuwa, sau da yawa hoton mace a cikin ɗakinta ya fi maganarta buƙatar sutura.

Kuɗin da aka zubar

Kafin su zo wurina sun riga sun bi ta kasuwar waya. Wani mai gyara ya ce makirufo ne ya mutu, ya canza shi, ya karɓi kuɗinsa. Babu abin da ya sauya, kuma da an tsaya an yi tunani, ai Gwaggo tana jin yaron sarai a lokacin kiran, ke nan makirufo na aiki.

Daga nan yaron ya shiga sauke manhajojin da ke alkawarin naɗar kowane irin kira. Irin waɗannan sun daɗe suna raɓewa da wata ƙofa da aka yi don taimakon makafi da masu naƙasa, wadda ke ba manhaja damar ganin abin da ke allo. A watan Mayu na 2022 Google ya hana manhajojin Play Store, wato kantin manhajojinsa, amfani da wannan ƙofa don naɗar kira. Waɗanda ya samu a can, ko dai shiru suka ba shi ko muryarsa kaɗai. Sai wani abokinsa ya turo masa wata daga waje, ba ta kantin ba. Da na duba izinin da ya ba ta, har da karanta saƙonni, da lambobin mutane, da ganin duk abin da ya bayyana a allo, a wayar da yake shiga asusun bankinsa da ita. Nan take muka goge ta, ya canza lambobin sirrinsa. Wani ma ya ba shi shawarar a fasa kullen wayar gaba ɗaya don a samu iko da cikinta. Wannan yakan buɗe hanyar sauti, amma manhajojin banki da yawa suna ƙin aiki a wayar da aka yi wa haka, ga haɗarin ta mutu a hannun mai yi. Ban ba su goyon baya ba.

Hanyoyin da aka auna

Akwai manhajojin da ke da naɗi a jikinsu, kuma su ba su da matsalar shiru, domin manhajar da ke riƙe da kiran ita ce ke naɗa. Skype ya samu wannan a 2018, kyauta, har a waya, amma an rufe shi a watan Mayu na 2025. Zoom yana bari a naɗa kyauta a kwamfuta, har ma a ware muryar kowa a fayil dabam, sai dai a waya dole sai mai asusun biya, kuma taron kyauta yana yankewa a minti 40. Google Meet ma naɗinsa na masu biya ne. Telegram yana ba shugaban rukuni damar naɗar hirar bidiyo ta rukuni. Dukkansu suna nuna wa mahalarta alamar cewa ana ɗauka.

Sai kwamfuta. Idan aka yi kiran WhatsApp a kwamfuta, manhaja irin OBS Studio, wadda kyauta ce, tana kama allo da muryoyin biyu. Gidan ba su da kwamfuta, amma aro ba zai gagara ba.

Abin da ya sa ban tsaya a kan ɗaya daga cikin waɗannan ba shi ne Gwaggo da kanta, da kuma sabis. Tsohuwa ce da ta san maɓalli ɗaya, kore, idan waya ta yi ƙara ta danna. A ce ta shiga sabuwar manhaja, ta bi mahaɗi, ta amince da wasu rubuce-rubuce na Turanci, an riga an kashe hirar tun ba a fara ba. Sannan ko an yi nasara, abin da za a naɗa shi ne abin da ya tsallako intanet daga Kumasi zuwa Kano. Manhajar kira tana matse murya don ta rage cin data, idan sabis ya yi rauni kuma kalmomi suna gutsurewa, hoto ya daskare. A hirar yau da kullum ba komai, sai ka ce “ban ji ba, maimaita.” A hirar da ake neman sunan kakan kaka, ko sunan wani ƙauye a hanyar Gwanja, da harshen da ya sha ruwan zango shekara tamanin, gaɓa ɗaya ta faɗi sunan ya tafi.

Abin da ya yi aiki

Shawarar da na ba su ita ce a daina ƙoƙarin naɗar kiran, a je a naɗi mai maganar a inda take zaune. Masu shirye-shiryen rediyo sun daɗe da sanin wannan dabara. Kiran ya zama hanyar yin tambaya kawai, ɗauka kuma ta zama aikin wata waya dabam wadda ba ta cikin kira, saboda haka babu abin da zai hana ta makirufo.

A Kumasi akwai jikarta mace da ke kwana da ita. Ita aka ɗora wa aikin. Wayar Gwaggo aka jingina a gabanta, a buɗe lasifika, ana kiran da ita kamar kullum. Wayar jikar kuma aka kwantar da ita a gicciye, aka tokare ta a kan kujera dab da wayar farko, kyamara na kallon tsohuwar, tazarar bai wuce kamu huɗu ba. Aka sa ta a yanayin jirgin sama don kada wani kira ya shigo ya katse ɗauka, aka cika ta da caji, aka kwashe hotuna don a samu wuri. Aka kashe fanka, domin iskar fanka a makirufo ta fi hayaniyar titi ɓarna. Aka zaunar da Gwaggo tana fuskantar taga, ba taga a bayanta ba, don kada fuskar ta yi duhu. Aka zaɓi hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, aka kuma tuna cewa agogon Ghana yana bayan na Najeriya da sa'a guda.

An rage lambar ingancin hoton a saitin kyamara daga 1080 zuwa 720 da gangan. A 1080 wayoyi da yawa suna cin fiye da megabait 100 a minti guda, hirar sa'a ɗaya ta zama gigabait da dama, wanda turo shi daga Kumasi wani aiki ne. An kuma yanka hirar gida-gida, kamar minti ashirin-ashirin, saboda waya tana zafi, tsohuwa tana gajiya, kuma idan fayil ɗaya ya lalace ba duka aka rasa ba. Don kariya, wata tsohuwar waya ta uku tana gefe tana ɗaukar murya zalla, wadda ba ta cin fiye da kimanin megabait ɗaya a minti.

A Kano ma haka aka yi, wayar maigidan na ɗaukar su shi da ɗansa suna tambaya. A farkon kowane kashi yaron yakan tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Tafin yana shiga duka wayoyin, wanda zai haɗa bidiyon daga baya sai ya daidaita su a kansa.

Wajen turowa aka kiyaye abu ɗaya: jikar ta aiko da fayilolin a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba. Idan aka tura ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage ingancinsa. A matsayin takarda yana zuwa yadda yake, har zuwa gigabait 2.

Muryar ta fito kamar kana zaune a tabarmarta. A wani wuri sabis ya ɗauke, a Kano ba su ji komai ba na kusan minti guda, ita kuwa ba ta sani ba ta ci gaba da lissafo 'ya'yan kawunta. Duk yana cikin fayil ɗin.

Neman izini, da abin da ya biyo baya

Wannan hanya ba ta yiwuwa a ɓoye. Dole a gaya mata, kuma ni a wurina wannan alheri ne a cikinta. Maigidan da kansa ya kira, ya ce, “Gwaggo, muna so mu ɗauki maganarki mu ajiye wa yara. Kuma ki yafe mana, ranar nan yaron nan ya ɗauke ki ba mu faɗa miki ba, Allah bai sa muryar ta fito ba.” Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko da mayafi a jikinta a ranar. Da aka ce babu, ta ce a goge. Aka goge a gaban jikarta, ana cikin kiran.

Tsoron da yaron ya ji cewa za ta kame bai tabbata ba, amma hirar ta canza. Ta yi wanka, ta sa kayan Sallah, ta yafa mayafi, ta fara da bisimilla da salati, ta jero salsala a tsare kamar mai ba da karatu. Ta fi ta farko tsari da cika. Sai dai waƙar dakan nan ba ta sake rerawa ba, ta ce ba ta tsofaffi ba ce a gaban kyamara. Wannan an rasa shi. Sau biyu kuma ta ɗaga hannu ta ce wa jikar, “Kashe abin nan,” ta yi maganar da ta shafi asalin wata kaka da wani aure da ya mutu, sannan ta ce a kunna. Da naɗin ɓoye ya yi aiki, da waɗannan maganganu suna cikin waya, kuma wanda ya san yadda abu ke yawo a rukunin dangi ya san ba za su kwana a wuri ɗaya ba. Hadisi ya zo cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, maganar amana ce. Ita ba waiwaye ta yi ba, da baki ta faɗa.

Rigimar ta taso daga inda ba a zata ba. A cikin abin da ta yarda a ɗauka, ta faɗi cewa gidan Kano da kuɗin mahaifinsu aka saye shi, ba da na wanta shi kaɗai ba. Wani ɗan uwa da ya daɗe yana ganin an danne reshensu ya nemi a ba shi bidiyon ya kai kotu. A nan ne bambancin naɗin ɓoye da na fili ya daina zama zancen ladabi kawai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin mutum, har da maganarsa ta waya. A Ghana, inda mai maganar take, sashe na 18 na kundinsu na 1992 ya yi irin wannan tanadi, kuma a 2018 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Cubagee da Asare, wadda ita ma rigimar fili ce, ta yanke cewa naɗar maganar waya a ɓoye keta haƙƙin sirri ne, ta ƙi karɓar naɗin a wannan shari'a. A Najeriya kuma, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da na'ura ta fitar, ciki har da bayanin na'urar da yadda aka samar da shi. Bidiyon da aka yanka aka haɗa, aka tura daga hannu zuwa hannu, ba shi da ƙarfin fayil na asali da ke wayar da ta ɗauka.

Amma ko da doka ta buɗe ƙofa, izinin da Gwaggo ta bayar na ajiye wa yara ne. Ba ta ce a kai ta gaban alƙali ba. Maigidan ya tsaya a kan haka, kuma ina ganin ya yi daidai, duk da cewa maganar ba ta yi wa reshensa daɗi ba, wanda hakan ya sa wasu suka zarge shi da ɓoye hujja. Mafitar da manyan gidan suka samu ita ce a koma wurinta. Aka gaya mata abin da ya taso, aka tambaye ta ko za ta maimaita zancen gidan a matsayin shaida. Ta amince, bisa sharaɗin a yi a gaban limamin unguwarsu da maza biyu daga danginta na can, kuma kowane reshe na Kano ya kasance a kan layi yana ji. Aka yi wannan zama dabam, da irin tsarin wayoyin nan, aka fara da faɗin rana da wuri da sunayen waɗanda ke zaune, ita kuma ta faɗa da bakinta cewa ta san ana ɗauka kuma ta yarda. Ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya daga wannan fayil ba, aka kuma rubuta abin da ta faɗa a takarda shaidu suka sa hannu.

Zancen gidan har yanzu yana hannun manya, bai je kotu ba. Fayilolin tarihin kuwa an yi musu kwafi uku, ɗaya a katin memori a wurin maigidan, ɗaya a wurin jikar a Kumasi, ɗaya a ma'ajiyar intanet da lambar sirrinta ke hannun mutum biyu. An amince ba za a sa su a rukunin dangi ba, wanda ke son gani ya zo gida a kunna masa. Yaron ya fara rubuta salsalar a littafi daga bidiyon, kuma duk inda suna ya shige masa duhu yana tara tambayoyin, ranar Juma'a ya kira ta ya tambaya.